Wace Kyamara Ce Ta Fi Fitar da Hoto?

  

Yau maganar hoto za mu yi. Kusan kowa a cikinmu yana yawo da kyamara a aljihu, domin wayar hannu ma kyamara ce. Wasu kuma suna da babbar kyamara ta sana'a, irin wadda ake ratayawa a wuya. To, idan aka ajiye maka kyamara biyu, ta yaya za ka gane wadda ta fi fitar da hoto?

Na san amsar da ake bayarwa a kasuwa. Ka shiga kasuwar waya, ko Farm Centre ce a Kano, ko wata a Kaduna, Sakkwato, Maraɗi ko Damagaram. Mai shago zai ɗauko waya ya ce maka, "Alhaji, wannan 108 ce. Waccan kuwa 50 ce kawai." Shi ke nan, ciniki ya faɗa. Babu wanda ya ɗauki hoto ko ɗaya ya duba.

Ina so kafin mu rabu yau, wannan lamba ta daina yanke muku hukunci. Za mu fara da ita lambar. Daga nan mu yi maganar haske. Sannan mu zo kan abin da ya fi damuna, wato yadda kyamara ke fitar da fatarmu da tufafinmu. Sai kuma yadda za ka gwada kyamara da hannunka.

Bari mu fara da lambar nan.

Ana kiran ta megafiksel. Fiksel ɗigo ne. Duk hoton da ke cikin wayarka tarin ɗigo-ɗigo ne ƙanana, kowanne da nasa launi, an jera su sahu-sahu. Megafiksel ɗaya na nufin ɗigo miliyan ɗaya. Idan aka ce kyamara 50 ce, ana nufin tana iya yin hoto mai ɗigo miliyan 50. Iyakar abin da lambar ke faɗa ke nan. Tana faɗar yawan ɗigon. Ba ta faɗar ko ɗigon masu kyau ne.

Akwai lokacin da yawan ɗigon yake da muhimmanci ƙwarai. A shekarar 1975 wani injiniya mai suna Steven Sasson, na kamfanin Kodak a Amurka, ya haɗa kyamarar dijital ta farko da ake iya ɗauka a hannu. Ɗigonta dubu 10 ne kacal. Hoton baƙi da fari ne, kuma sai ta shafe daƙiƙa 23 kafin ta naɗe hoto ɗaya a kaset. Daga wancan lokaci har zuwa farkon shekarun 2000, duk ƙarin ɗigo da aka samu ido yana ganinsa. Wanda ya tashi daga megafiksel 1 zuwa 3 ya ga canji a fili. A nan mutane suka koyi tambayar lamba. Amma an daɗe da wuce wannan zango.

Ku saurari wannan lissafi. Allon talabijin ko na kwamfuta da ake kira Full HD yana da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye. Idan ka ninka su, miliyan 2 da 'yan kai ke nan. Babbar talabijin mai 4K, miliyan 8 da ɗoriya. Idan za ka wanke ƙaramin hoto na albam, mai inci 4 da inci 6, ya fito tsaf, miliyan 2 da 'yan kai sun ishe ka. Idan girman takardar A4 kake so, irin wadda ake buga wasiƙa, ba ka bukatar ya kai miliyan 9.

Ka ji ke nan. Kyamara mai megafiksel 12 ta riga ta wadatar da allon wayarka, da talabijin ɗinka, da hoton da za ka rataya a falo. Ƙarin ɗigo yana da ranarsa, ban musa ba. Idan ka ɗauki taron jama'a kana so ka yanko fuskar mutum ɗaya, yana taimako. Idan za ka wanke ƙaton hoto da za a tsaya kusa a ƙura masa ido, yana taimako. Bayan wannan, lamba ce ta jikin kwali.

To, idan ba lambar ba ce, mene ne? Nan ne za mu shiga kashi na biyu, maganar haske.

A cikin kowace kyamara, a bayan gilashi, akwai wani ɗan faifai mai karɓar haske. Masu sana'a suna ce masa sansa. Shi ya maye gurbin fim ɗin da ake sa wa kyamarorin da. A kansa aka jera ɗigon nan da muke magana. Haske ya shigo ta gilashi, ya sauka a kan sansa, sansa ya mayar da shi lantarki, kyamara ta lissafa ta fitar da hoto.

Ku ɗauki sansa a matsayin gona, haske kuma ruwan sama. Gona mai faɗi tana samun ruwa mai yawa. Ƙaramar gona tana samun kaɗan. Yanzu ka ɗauki ƙaramar gonar nan ka raba wa magada ɗari. Shin ruwan da ke sauka a kanta ya ƙaru? Bai ƙaru ba. Kason kowa ne ya ragu. Haka yake idan aka cusa ɗigo miliyan 108 a kan ƙaramin sansa. Faɗin gonar bai canza ba. Abin da ya kamata ka fara tambaya shi ne faɗin gonar. Ina maimaitawa: ka tambayi girman sansa kafin ka tambayi yawan ɗigo.

Ga girmansu. Babban sansa da ƙwararru suka fi amfani da shi yana da milimita 36 a kwance, 24 a tsaye. Girman tsohon fim ke nan, shi ya sa ake ce masa ful-firem, wato cikakken fage. Na ƙasa da shi, wanda ake kira APS-C, yana da kimanin milimita 23 da rabi a kwance, 15 da rabi a tsaye. Bai kai rabin na farko ba a faɗin fili. Shi ne a cikin yawancin kyamarorin Canon da Nikon masu sauƙin kuɗi da matasa ke fara sana'a da su. Na wayar hannu ta yau da kullum kuwa, kimanin milimita 6 ne da 4 da rabi. Wato babban sansa ya ninka shi kusan sau 30.

Sau 30, jama'a. Cikin daƙiƙa guda, a ɗaki guda, wannan yana da filin karɓar haske sau 30 fiye da wancan.

Wasu wayoyi masu tsada suna tallan sansa mai inci ɗaya. Lalle ya fi na sauran wayoyi girma sosai, amma bai kai inci ba. Milimita 13 da ɗoriya ne a kwance, kusan 9 a tsaye. Sunan gado ne daga ma'aunin tsofaffin kyamarorin talabijin.

Su kansu kamfanoni sun san wannan magana. A 2023 Samsung ya fitar da waya mai suna Galaxy S23 Ultra, mai megafiksel 200. Idan ka ciro ta daga kwali ka ɗauki hoto ba tare da ka taɓa komai ba, hoton da za ta ba ka na megafiksel 12 ne. Me ya sa? Domin tana haɗa ɗigo 16 su zama ɗaya, don su tara hasken da zai isa. A ɗaya ɓangaren, kamfanin Sony yana da kyamara mai suna A7S III, wadda masu shirya fim ke nema saboda aikin dare. Megafiksel 12 gare ta. Amma babban sansa ne da ita, kuma faɗin ɗigonta ɗaya ya ninka na wayar nan kimanin sau 14. Hausawa suka ce, ba girin-girin ba, ta yi mai.

Bayan sansa sai gilashin gaba, wanda masu hoto ke kira lens. Shi ne ƙofar da haske ke bi. A jikinsa za ka ga harafin f da lamba. Ku riƙe wannan, domin yana rikita mutane: ƙaramar lamba tana nufin babbar ƙofa. Gilashi mai f 1.8 yana shigar da haske kusan sau 10 fiye da mai f 5.6. Gilashin da aka fi haɗo wa sabuwar kyamara, mai lamba 18 zuwa 55, idan ka jawo shi ƙarshe f 5.6 yake komawa. Shi ya sa matashi zai sayi kyamara mai tsada, ya je zauren biki da dare, ya dawo da hotuna masu duhu, ya ɗauka an cuce shi. Sau da yawa kyamarar lafiyarta ƙalau. Ƙofar ce ta yi ƙanƙanta.

Ɗan'uwana mai sana'a, idan kuɗinka bai kai na sabuwar kyamara ba, ka nemi gilashi mai lamba 50 da f 1.8. Yana daga cikin mafi araha a wajen Canon, da Nikon, da Sony. Ka ɗaura shi a tsohuwar kyamararka. A ganina, canjin da za ka gani da dare zai fi wanda sabuwar kyamara mai ƙaramar ƙofa za ta ba ka.

Masu waya kuma, kada yawan idanun da ke bayan waya ya ja ku. A wayoyi masu arha da yawa, ido ɗaya ne ke yin aikin. Sauran ƙanana ne, wasu megafiksel 2, ba kasafai za ka amfana da su ba. Haka ma maganar jawo abu kusa, wato zum. Akwai na gilashi, wanda ke kusanto da abin da gaske. Akwai na lissafi, wanda yanko tsakiyar hoton kawai yake yi ya buɗa shi. Na biyun ba ya ƙara komai. Da ka matsa da ƙafarka ya fi.

Yanzu ku lura da wani abu. Da tsakar rana, a fili, haske ya wadata. Ƙaramar gona ma ta sha ruwa. Kusan kowace kyamara za ta ba ka hoto mai kyau. Kuma a irin wannan lokaci ne muke zuwa kasuwa mu gwada. Bambancin kyamarori yana fitowa ne bayan magariba.

Idan haske ya yi ƙaranci, kyamara tana ƙara ƙarfin ɗan abin da ta samu. Ma'aunin wannan ƙari shi ake kira ISO. Da rana 100 ya isa. A ɗaki da dare yana iya hawa 3200 ko 6400. Idan ya hau, sai ka ga hoton ya yi yashi-yashi, musamman a wuraren duhu. Babban sansa yana jure wannan. Ƙarami ba ya jurewa. To me waya ke yi? Sai ta goge yashin. Kuma idan tana gogewa, ba ta bambance yashi da abin da ke wurin da gaske. Sai gashin gemu ya haɗe. Aikin hula ya dame. Zanen lalle a hannun amarya ya rasa bakinsa. Tsagar da ke fuskar dattijo ta dushe. A ƙaramin allo hoton zai yi maka kyau. Ka buɗa shi da yatsu biyu, sai ka ga abin da aka rasa.

Wayoyin zamani suna da wata dabara ta dare. Google ya kawo tasa a 2018, Apple ya kawo tasa a 2019, yau kuma kusan kowane kamfani yana da irinta. Idan ka danna, wayar tana ɗaukar hotuna da yawa a jere cikin 'yan daƙiƙu, ta haɗa su su zama ɗaya. Dabara ce mai kyau, kuma ta rage tazarar da ke tsakanin waya da babbar kyamara. Amma tana da sharaɗi: abin da kake ɗauka ya tsaya cik. Masallaci da dare zai fito. Kayan shago za su fito. Yaro mai guje-guje, ko ƙawayen amarya a filin rawa, za su fito a goge. Abu mai motsi yana bukatar kyamara ta buɗe ta rufe cikin ƙiftawar ido. Dokin da ke sukuwa a hawan sallah, kana bukatar kamar kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa kafin ka tsayar da ƙafafunsa. A wannan ɗan lokaci, hasken da ya shigo shi ke nan. Babu damar tarawa.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama tashar, muna magana ne a kan yadda ake gane kyamarar da ta fi fitar da hoto. Mun ce a tambayi girman sansa da faɗin ƙofar gilashi, kuma a gwada bayan magariba. Yanzu za mu shiga kashi na uku, wanda nake so mu ɗan zauna a kansa.

Ku hango ango ranar ɗaurin aure. Ƙarfe 11 na safe, rana ta take. Yana sanye da farar babbar riga ta shadda, an yi mata aiki da farin zare. Fuskarsa baƙa ce kyakkyawa, hula ta yi mata inuwa. Wannan hoton da muke ɗauka kowane mako yana daga cikin mafi wuya ga kowace kyamara a duniya.

Dalili kuwa shi ne, ma'aunin hasken da ke cikin kyamara an gina shi ne a kan zaton cewa abin da ke gabanta, idan aka gauraya shi, zai zama toka-toka matsakaici. Da ta ga farar riga ta cika fage, sai ta ɗauka haske ya yi yawa. Sai ta rage. Rigar ta koma toka-toka, fuskar ango ta nutse cikin duhu, sai haƙora da fararen ido. Idan kuma mai hoto ya ƙara haske don fuska ta fito, sai rigar ta ƙone ta zama fari fat. Aikin da maɗinki ya yi makonni yana yi ya ɓace.

Kyamara mai kyau ita ce wadda ke iya riƙe biyun a hoto ɗaya: zaren da ke jikin farar riga, da annurin da ke baƙar fuska. Ƙwararru suna auna wannan da tazarar da kyamara ke iya ɗauka tsakanin mafi haske da mafi duhu. A wurinmu, wannan ma'auni ya fi megafiksel muhimmanci nesa ba kusa ba. Zan sake faɗa. Kyamarar da ta riƙe farar riga da baƙar fuska tare, ita ce kyamararka.

Wannan matsala tana da tarihi. Tun zamanin fim, kamfanin Kodak yana raba wa masu wanke hoto wani kati da suke daidaita launin injinansu da shi. Ana kiran sa katin Shirley. Shekaru da yawa, hoton Baturiya ce a jiki. Wato fatarta ce ma'aunin daidai. Wata malama a jami'ar Concordia da ke Kanada, Lorna Roth, ta yi bincike a kan wannan, ta wallafa a 2009. Ta nuna cewa cikin abubuwan da suka sa aka inganta yadda fim ke ɗaukar launin ƙasa-ƙasa, har da koken masu sayar da kayan katako da masu yin cakulan, waɗanda kayansu ba sa fitowa daidai a talla. Sai a tsakiyar shekarun 1990 Kodak ya fitar da kati mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban.

Da aka koma dijital ma, ba nan take abin ya gyaru ba. Sai a 2021 Google ya fito da wani tsari a wayarsa Pixel 6 da nufin fitar da baƙar fata yadda take. A 2022 kuma ya rungumi wani ma'aunin launin fata mai hawa 10, wanda Farfesa Ellis Monk na jami'ar Harvard ya tsara. Kafin wannan, kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai yin Tecno da Infinix da itel, ya riga ya gane cewa mutanen Afirka suna son wayar da ke fitar da fuskarsu, ya gyara kyamarorinsa don haka. Yana daga cikin dalilan da suka sa wayoyinsa suka cika hannayenmu.

Amma a nan ina da jan hankali, kuma da gaske nake. Fitar da fuska daban, sauya mata launi daban. Wayoyi da yawa suna zuwa da wani tsari na ƙawata fuska a kunne. Yana haskaka fata, ya share ƙuraje, ya siranta haɓa. Mutum ya duba ya ce, "Kai, wayar nan tana fitar da mutum!" Alhali wani mutum ta fitar. Hoton mahaifiyarka da za ka nuna wa jikokinta bayan shekara 30, kana so su ga fuskarta ne, da launin da Allah ya ba ta. Kuma ina jin tsoron abin da wannan ke koya wa 'ya'yanmu mata. Yarinyar da kullum waya ke nuna mata kanta da hasken da ba nata ba, wata rana madubi zai daina gamsar da ita, daga nan sai man bilicin. Idan kana gwada kyamara, ka kashe wannan tsari tukuna. Ka duba ko launin da ke hoton shi ne launin mutumin da ke tsaye a gabanka.

Me ya sa ma launi ke bambanta daga kyamara zuwa kyamara? Domin shi sansa ba ya ganin launi. Yawan haske kawai yake aunawa. Don a samu launi, sai aka rufe kowane ɗigo da 'yar matata: rabinsu kore, kashi ɗaya cikin huɗu ja, kashi ɗaya cikin huɗu shuɗi. Wani ma'aikacin Kodak mai suna Bryce Bayer ne ya tsara wannan, aka yi masa rajista a 1976, kuma har yau yawancin kyamarori da shi suke aiki. Kowane ɗigo launi ɗaya ya sani. Sauran biyun kyamara ce ke ƙiyastawa daga maƙwabtansa. Ka ga ke nan kowane hoto akwai lissafi a cikinsa, kuma kowane kamfani da irin nasa lissafin. Wani yana son ja ya yi ƙarfi. Wani yana son sararin sama ya yi shuɗi fiye da yadda yake.

Wani lokaci lissafin yana wuce gona da iri. A 2023 an yi ta muhawara bayan wani mutum ya dusar da hoton farin wata da gangan, ya sa shi a allon kwamfuta, ya ɗauke shi da wayar Samsung daga nesa. Sai wayar ta fito da wata mai zane-zane tsaf, waɗanda babu su a hoton da ke allon. Kamfanin ya bayyana cewa wayar tana gane wata, kuma tana amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen ƙara fito da shi.

Hajiya mai sayar da atamfa da leshi ta waya, wannan magana taki ce. Kyamarar da ke ƙara wa launi ƙarfi tana iya jawo miki rigima. Kin tura hoto, mai saye ta ga ja jawur, kaya ya isa ta ga ruwan goro. Ta ce kin ha'ince ta, alhali waya ce ta yi. Fitila ma tana sauya launi: ta sola takan ja shi zuwa shuɗi, tsohon ƙwan lantarki yakan ja shi zuwa rawaya. Ki fito da kayan inuwar tsakar gida da hantsi. Ki ɗauka, sannan ki kara hoton da yadin ki duba. Wayar da launinta ya fi kusa da na yadin, ita ce ta kasuwancinki, ko da hotonta bai kai na wata ƙyalli ba.

To, mun zo kashi na huɗu. Yaya za ka gwada kyamara biyu da kanka? Gani ya kori ji.

Abu na farko, ka goge gilashin kowacce da ƙyalle mai laushi. Maiƙon yatsa da ƙurar aljihu sun sa an zargi wayoyi da yawa a banza. Sannan ka yi musu adalci. Wuri ɗaya, lokaci ɗaya, mutum ɗaya, tazara ɗaya. Kada ka ɗauki wannan da hantsi, waccan da la'asar. Ka kashe duk wani ƙawata fuska da sauya launi.

Ka gwada su a wurare uku. A rana, da mutum mai farar riga da hula. A ɗaki bayan magariba, da fitilar da kuka saba kunnawa, ba tare da filasha ba. Sai kuma abu mai motsi, ka sa yaro ya taho da gudu. A kowane wuri ka ɗauki hoto fiye da ɗaya, domin hannu yana rawa, kuma kana so ka san ko kyamarar tana dacewa kullum ko sai an yi sa'a.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke ɓata gwajin. Kada ka duba kowane hoto a allon na'urar da ta ɗauke shi. Allo ma yana da nasa launi da nasa haske. Waya mai allo mai ƙyalli za ta sa hoto mai rauni ya yi kyau. Ka tara hotunan a allo ɗaya, na kwamfuta idan akwai. Kuma kada ka tura su ta WhatsApp yadda aka saba, domin yana matse hoto, ya rage girmansa, ya zubar da ainihin abin da kake son dubawa. Ka tura su a matsayin fayil, ko ta Bluetooth, ko da igiyar caji. Ina maimaitawa: allo ɗaya, kuma hoton da ba a matse ba.

Idan sun taru, ka fara kallonsu a girma ɗaya, gefe da gefe. Sannan ka buɗa. Ka duba ƙwayar ido. Ka duba gashi da aikin hula. Ka duba farar riga, ko zare yana nan. Ka duba inuwar da ke ƙarƙashin hula da haɓa. Ka leƙa kusurwoyin hoton, domin gilashi mara kyau tsakiya yake fitarwa, ya bar gefe a dushe. In da hali, ka kira wani wanda bai san wace kyamara ta ɗauki wanne ba, ka ce ya zaɓa. Zuciya tana karkata ga abin da aka biya da tsada, shi kuwa bai biya komai ba.

Akwai masu yin irin wannan gwaji a ɗakunan bincike. DXOMARK a Faransa yana ba kyamarori da wayoyi maki. DPReview, wanda aka kafa a Landan a 1998, yana ɗaukar fage guda da kyamarori daban-daban don mai kallo ya kwatanta. Aikinsu yana da amfani, ku duba idan kuna da intanet. Sai dai maki ɗaya tarin abubuwa ne da yawa da aka haɗa, har da waɗanda ƙila ba ruwanka da su. Ka nemi sashen da ya shafi aikinka, kamar ƙarancin haske ko fitar da fuska.

Ga masu sana'a, ƙarin magana ɗaya. Babbar kyamara, da wasu wayoyi ma, suna iya ajiye hoto iri biyu. Akwai JPEG, wanda kyamara ta riga ta gyara ta matse. Akwai RAW, wato ɗanyen hoto kamar yadda sansa ya karɓa. A JPEG, kowane launi yana da hawa 256 daga duhu zuwa haske. A ɗanyen hoto na kyamarori da yawa, hawan ya haura 16,000. Shi ya sa idan fuskar ango ta yi duhu, a ɗanyen hoto kana iya ɗago ta a kwamfuta ba tare da ta farfashe ba. Yana cin memori, yana cin lokaci. Amma ɗaurin aure ba a sake shi don mai hoto.

Kafin lokaci ya ƙure mana, bari in ce wani abu ga mai sayen kyamara ta hannu, domin yawancin matasanmu da ita suke farawa. Kyamara biyu iri ɗaya, kamfani ɗaya, shekara ɗaya, suna iya bambanta a hoto saboda yadda aka riƙe su. Ka mayar da lambar f zuwa 16 ko 22, ka ɗauki farin bango ko sararin sama. Ka buɗa hoton. Idan ka ga ɗigo-ɗigon duhu da ke zama wuri ɗaya a kowane hoto, ƙura ce a kan sansa. Ana iya share ta, amma ka kai wa wanda ya iya, kada ka sa yatsa ko bakin riga. Ka cire gilashin, ka haska shi da tocila ta baya. Idan ka ga wani abu kamar saƙa a ciki, fumfuna ce da danshi ya haifar, kuma gyaranta da wuya. Ka tambayi adadin hotunan da kyamarar ta taɓa ɗauka, domin ƙyauren da ke buɗewa da rufewa a cikinta yana da iyakar aiki, kuma yawancin kyamarori suna ajiye wannan adadi.

Idan ka saya kuma, ka tuna da ƙasar da kake. Lokacin hunturu, iska cike take da ƙura mai laushi. Kada ka sauya gilashi a filin hawa ko a bakin titi. Ka shiga mota ko ɗaki, ka kashe kyamarar, ka juya bakinta ƙasa, sannan ka sauya da sauri.